Ladanin da Ya Riƙe wa Ɗansa Tuta

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma kakar gyaɗar da aka ce mijina ya zama matsafi ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka tura mini ƙasa. Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai ce, lokacin da gyaɗa ke da daraja, ko'ina ka duba a Tasawa buhuna ne jibge, kamiyoyi, wato manyan motocin kaya, suna ta kwasa suna yin kudu da su.

Sana'ar maigidana wasan golf ne, wanda yanzu nake ji masu rediyo suna ce wa ƙwallon lambu. Na san za ku yi dariya, ni ma na yi tawa. Ƙato da gemunsa ya bugi ɗan farin ƙwallo da bai kai ƙwan kaza ba, ya bi shi a ƙafa, ya sake bugu, har ya jefa shi rami, wai shi ke nan an yi aiki. To, amma da wannan aikin ya aure ni, da shi muka ci muka sha muka aurar da 'ya'ya, don haka dariyata ba ta yin nisa.

Tun yana saurayi ya hau bayan kamiyon gyaɗa ya tafi ci-rani Kano, da niyyar yin dako. Dako bai karɓe shi ba, don siriri ne, buhu ɗaya ke sa shi tangaɗi. Wani mutumin garinmu ya kai shi filin wasan Turawa, ya fara ɗaukar musu jakar sanduna. Ashe hannunsa ya riga ya san abin, domin yana yaro, wajen kiwon awaki a Gulbin Kaba, ba wanda ya kai shi bugun ƙwallon goruba da lanƙwasasshiyar sanda. Baturen da ke koyar da wasan a filin ya gan shi wata rana yana bugu, ya jawo shi jikinsa. Daga nan ya zama mataimakinsa, yana gyaran sanduna, yana koya wa sababbin shiga, in an yi gasa ya shiga, wani lokaci ya ciwo kyauta. A gida dai abin da aka sani shi ne yana aiki wurin Turawa. Ya sha gwada yi musu bayani, su ce masa to, Allah ya taimaka.

Ni na zauna da shi Kano bayan aurenmu, na leƙa filin daga bayan shinge, na ga yadda yake. A ƙasar Turawa, in ji shi, ciyawa ce ke kewaye da ramin. A Kano kuwa rairayi ake tankaɗewa, a cuɗa shi da baƙin man mota, a shimfiɗa a lallashe shi ya yi sumul, a kafa 'yar tuta a ramin don mai bugu ya hango daga nesa. Yakan ce mini bugun nesa ƙarfi ne kawai, abincin mutum yana wurin ɗan bugun ƙarshe, taku kaɗan daga rami, kuma wannan bugun in ka yi 'yan kwanaki ba ka taɓa ba hannu mantawa yake yi.

A wannan shekarar Baturen nan ya ce zai koma ƙasarsu. Masu filin suka ce bayan kaka za a yi gasa tsakanin 'yan ƙasa da suka iya wasan, wanda ya ci shi zai gaji wurin. Maigidana ya daina barcin kirki, ya daina jin magana in ana yi masa. Ana cikin haka sai ga saƙo daga gida: gyaɗa ta yi kyau fiye da ƙarfin mahaifinsa, a zo a taimaka da cira. Ya ɗaure kayanmu, ya saƙala jakar sandunansa, muka hau mota zuwa Maraɗi, daga can muka kama hanyar Tasawa, muka ƙarasa ƙauyensu da ke wajen Kona a kan jakuna.

Surukina shi ne ladanin garin tun kafin a haifi mijina. Ɗan guntun tsoho ne mai ƙarancin magana, amma in ya sa yatsu a kunne ya buɗe murya, har masu kwana a gona suna ji. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta. Wannan kiran sallar shi ne abin da yake da shi a garin, kuma yana ji da shi.

Da rana maigidana yana gona ana cirar gyaɗa, ba wanda zai ce ya yi ƙyuya. Amma kullum ina ganinsa yana murza yatsunsa yana kallon jakar nan. Wata safiya ya zaga bayan rumbuna, ƙarƙashin wani gawo, ya share wuri kamar faɗin ɗaki. Ya ɗauki rariyata ta tankaɗen gari ya tankaɗe rairayi da ita. Ya haƙa ɗan rami ya binne gwangwanin madara a ciki. Ya yago farin ƙyalle daga tsohuwar rigarsa ya ɗaura a kan karan dawa. Saura mai. Baƙin man mota sai Tasawa, direbobi kuma ba sa rabuwa da shi a lokacin kwasar gyaɗa. Ni kuwa a makon nan na yi ƙuli-ƙuli, mai yana nan cikin tulu. Na ga yana zagaya tulun yana yi mini fara'ar da bai saba ba.

Na ce, "Malam, in abin da nike tsammani ne, ka ma hidda rai. Man da na matsa da hannuna za ka ba ƙasa?"

Ya ce, "Ke dai taimaka. In na ci gasar ga, har keken ɗinki sai na saya miki."

Na ba shi, ina mita. Keken ɗinkin kuwa sai da na haifi ɗa na uku na gan shi. Ya cuɗa man da rairayi, ya lallashe da allon katako, wuri ya yi kyau har ni na yaba. Kashegari tururuwa suka yi gayya a kai, kaji suka biyo tururuwa, sai da ya kewaye wurin da toka da ƙaya. Kullum da an sallame sallar asuba, kafin a tafi gona, sai ya zaga can ya yi ta bugunsa.

Abin da bai lissafa ba, ni ma ban lissafa ba, shi ne hanyar rijiya ta bayan rumbunan nan ta bi. Ku tsaya ku ga abin da matan garin suka gani da sassafe. Ɗan ladan, wanda ya daɗe cikin Turawa, ya keɓe wuri a gindin itace ya kewaye shi da toka. Ya zuba wa ƙasa mai. Ya haƙa rami ya kafa farin ƙyalle. Ya ajiye wani farin abu kamar ƙwai, ya durƙusa a gabansa ya sunkuyar da kai har kusa da ƙasa, ya daɗe shiru, sannan ya miƙe ya tura shi cikin rami. Ya sa hannu ya ciro, ya sake. Mu kuwa a gabas da mu akwai ƙauyen Anna, masu bin addinin gargajiya, waɗanda har lokacin suke yanka a gindin tsamiya in damina ta kusa, kuma mutanen garinmu ba abin da suka fi ƙi kamar a haɗa su da wannan.

Na fara lura ne da na je rijiya hira ta mutu. Wata tsohuwa da ke sona ta ja ni gefe ta ce, "Ɗiyata, hwaɗa mani gaskiya, haihuwa kuke nema? In ita ce, ai akwai malamai, ba sai an kai ga wanga ba." Na yi dariya har na kusa sakin guga, na yi mata bayani. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta ji tausayin yarinya mai rufa wa mijinta asiri.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin wani tsoho ne daga ƙauyen Annan nan. Labari ya kai masa, ya tako da sandarsa don ya gani da idonsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, wane ne wanga da kake ma aiki? Na tsuhwa cikin abin ga, ban taɓa ganin wanda ake ba ƙwai shi maido ba." Maigidana, da yake mutum ne mai son mutane, ya yi dariya ya miƙa masa sanda ya ce ya gwada. Tsoho ya gwada, abin ya yi masa daɗi. Masu wucewa suka gan su su biyu durƙushe a gaban rami. Kafin azahar gari ya ɗauka.

Da yamma liman ya zo da dattawa suka zauna a zauren surukina. Ni na kai musu ruwa, na durƙusa na ajiye, na fito, amma ban yi nisa da zana ba, Allah ya yafe mini. Liman mutumin kirki ne, abokin surukina tun suna makarantar allo, shi ne ya ce, "Malam Ladan, mutane sun ce ba su amsa kiran gidan da ake wanga abu. Ka ɗan huta, yaron makarantata shi riƙa kira, har a gane gaskiya." Surukina ya ce, "To."

Da asubar da ta biyo baya wata murya ce ta tashe mu, siririya, ta saurayi. Maigidana ya tashi zaune a kan gado ya riƙe kansa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri guda kamar na wannan safiyar ba. Tsohon ya fito ya yi alwala ya tafi masallaci kamar kowa, ya dawo, ya tsaya a ƙofar ɗakinmu ya ce, "Kai, taso ka gwada mani abin ga."

Na bi su daga baya da hujjar zan ɗebo kara. Maigidana ya ajiye ƙwallo, ya durƙusa, ya miƙe, ya buga, ƙwallo ya gangara ya faɗa gwangwani. Tsohon ya ɗauki ƙwallon ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya sa a kunne ya girgiza.

Ya ce, "In ka durƙusa, mi kake cewa?"

"Ba ni cewa komi, Baba. Gangaren ƙasa nike dubawa, in ga inda za shi bi."

"Kamar mai duba inda ruwa za ya kwanta a gona?"

"Haka nan ne, Baba."

"Kana bisimilla?"

"Ina yi."

"Akwai haƙƙin wani ciki? Caca ce?"

"A'a, Baba. Albashi ake biyana, in koya ma mutane."

Tsohon ya kalli ramin. Na tabbata har ya koma ga Allah bai gane dalilin da zai sa a biya mutum don wannan ba. Ya ce kawai, "To, ba komi ciki sai ɓarnar man yarinyar ga."

Bayan la'asar ya tattaro liman da dattawa ya kawo su wurin, ya ce ɗansa ya yi a gabansu kowa ya gani. Yara suka hau rumbuna, mata suka tsaya daga nesa da tuluna a kai. Mutumin da ya saba wasa a gaban manyan Turawa, ranar nan hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya buga, ƙwallo ya wuce. Ya sake, ya tsaya bakin rami. Ya sake, ya zagaya bakin gwangwanin ya fito. Gumi ya jiƙa masa riga. Sai wani dattijo daga baya ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Kun gani? Ya ƙi karɓa don muna nan." Mutane suka fara ja da baya suna a'uzubillahi.

Liman ya tsaya bayan an watse. Ya ce shi dai ya yarda wasa ne, amma ba shi da yadda zai yi da bakin jama'a. Shawararsa ita ce a cike ramin, ɗan ladan ya tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a ya ce ya tuba, shi ke nan ladan ya koma kiransa. Maigidana bai jira an gama ba, ya shige gida ya ɗauko hauya. Ya ce mini, yana wucewa, Kanon ma ya fasa, gasar ma a kai kasuwa, ba zai zama sanadin wulaƙancin ubansa ba. Ya ɗaga hauya ke nan tsohon ya riƙe ƙotar.

Ya ce, "Aje. In ka cike shi yau, ka shaida ma gari abin da sunka hwaɗi gaskiya ne. Ka tuba daga mi? Ni ban haihi ɗan da za ya tsaya ƙohwar masallaci shi yi ƙarya don in samu wurin tsayawa ba." Ya juya ga liman ya ce, "Malam, yaronka na da murya, shi ci gaba."

Kashegari da aka sallame asuba, surukina bai koma ɗakinsa ba. Ya saɓa buzunsa ya zaga bayan rumbuna. Ya tambayi ɗansa me masu taimako suke yi a can Kano, aka ce masa suna riƙe tuta ne, in ƙwallo ya taho su cire. Ya ce to. Ya tsaya a bakin ramin, carbi a hannun dama, karan dawa da farin ƙyalle a hagu, daidai lokacin da mata ke wucewa rijiya. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowace lafiyar maigidanta. Maigidana ya kasa ɗaga ido, hawaye suna zuba a kan sandar. Tsohon ya ce masa, "Ni dai na riƙe tawa, kai ma riƙe taka. Rana na yi, gyaɗa na jiranmu."

Haka suka yi kowace safiya har aka gama kaka. Tsohon bai fasa ba ko da ranar da ƙafarsa ta kumbura. Tun yana shiru har ya fara sa baki. Sai in ji shi daga cikin gida yana cewa, "A'a, ka cika ƙarhi," ko kuma, "Ta hagu za ya kwanta, ba ka gani?" Maigidana ya ce mini sau da yawa tsohon ne ke da gaskiya, sau da yawa kuma ba shi ba ne, amma duka yakan ce masa to, Baba. Hannunsa ya dawo, har ya fi da. Wasu mutanen garin suka sassauto, yara suka fara haƙa nasu ramukan suna tura goruba. Wasu kuwa ko gaisuwa suka daina yi wa gidan.

Muka koma Kano, aka yi gasar, ya ci. Ba na wurin, ina gida ina ta kai da kawowa na kasa ko ɗora tukunya, sai na ji shi tun daga bakin layi yana kiran "Ke! Ke!" kamar wanda gobara ta kama. Ya ba wani direban kamiyo saƙo ya kai gida, direban ya dawo da amsa cewa tsoho ya ce alhamdu lillahi, kuma a gaishe da mai mai, wato ni. Daga nan ya riƙe wurin shekara da shekaru. Ya koya wa manyan ma'aikatan sabuwar gwamnati, ya je wasa Jos da Kaduna da Ikko, har ƙetare an kai shi. Yaran da suka fara da ɗaukar jaka a hannunsa da yawa sun zama ƙwararru. Duk wanda ya zo daga gida muka tambaye shi labarin kiran salla, sai ya ce ai komai ya daidaita. In mun je ganin gida muka ji wata murya tana kiran salla, tsohon ya ce mura ce ta kama shi kwanan nan. Mu kuma muka yarda, don abin da muke so mu ji ke nan.

Sai bayan rasuwarsa, muna zaman makoki, uwar mijina ta faɗa mana. Bai sake kiran salla a masallacin ba. Da ƙura ta lafa liman ya zo da kansa ya roƙe shi ya koma, ya ce a'a, yaron ya riga ya saba, ba zai karɓe masa ba. Shi ya hana a gaya mana, wai kada hannun ɗansa ya sake rawa. Ta ce amma kullum, in lokaci ya yi, sai ya yi alwala ya zaga bayan ɗaki, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne, ya yi kiran tun daga farko har ƙarshe da leɓɓansa kawai, ba murya, sannan ya tafi masallaci. Ta ce ta sha leƙensa ba ta taɓa nuna masa ta gani ba. Maigidana, lokacin har yana da furfura, ya kifa kai a cinyar uwarsa ya yi kuka irin na yara, ni ma ban iya ba shi haƙuri ba don nawa ya ishe ni.

Abin da na koya a wurin tsohon nan ya yi mini amfani da nawa 'ya'yan suka girma suka kama sana'o'in da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ba dole ne sai ka gane abin da ɗanka yake yi ba. Ka tambaye shi ko halal ne, ka tambaye shi ko akwai haƙƙin wani a ciki. In ya amsa maka ka gamsu, to ka fito ka tsaya kusa da shi inda mutane za su gan ka, ko da tsayuwar za ta ci maka abin da ka fi so. Allah ya jiƙan surukina, ya sa ya huta.